Yadda Kaza Fingi Ta Zauna Makokin Dainoso

Ga ta nan, ga ta nanku, ta fito daga ƙarƙashin ƙasa da jar laka a ƙafa.

Ta zo mu ji ta, ga wuri ta zauna.

To ku matso. Kai mai tsokanar ƙanenka da tsinke, ina kallonka.

An yi wani gari can arewa, bakin hamada, ana ce masa Igiya-Tara, don sai an ƙulla igiya tara baki da baki kafin guga ya taɓa ruwa. Mutanen garin ba su da sana'ar da ta wuce haƙar rijiya, kuma suna da wata al'ada da ba su wasa da ita. In suna haƙa suka ci karo da ƙashi, na matafiyi ne, na jaki ne, na raƙumi ne, nan take sai a ajiye dagi. A shimfiɗa tabarma a bakin ramin, a nemo dangin mamacin ya zauna makoki. Kowace shekara da ƙashin ya yi a ƙasa ba wanda ya yi masa gaisuwa, kwana ɗaya ne a kan tabarma. Mai zaman makoki kuwa kowane gida sai ya aika masa da ƙwaryar abinci, kuma ba mai taɓa shi, ko da baƙar magana. Mafi tsawon da aka taɓa yi kwana arba'in ne, na wani raƙumi, jikarsa ta tashi daga tabarmar tana neman yin tozo na biyu don ƙiba.

Ran nan Sarkin Haƙa, wani dattijo mai suna Barmo, yana cikin rami, ko gaba uku bai yi ba, sai daginsa ya ce ƙwal! Aka tona a hankali. Sai ga ƙashin cinya da ya wuce ƙugun Barmo in an tsayar da shi. Sai ga kai mai dogon baki, tsawon taɓarya, cike da haƙora. Sai ga farce lanƙwasasshe kamar lauje. Duk sun zama dutse. Tsofaffin da suka saba duban ƙashi su faɗi shekarunsa suka leƙa, kowa ya tuna yana da uzuri a gida. Dole aka buga waya birni. Bayan kwana uku sai ga mota ta kawo wani Malam Nomau, mai karatun ƙasusuwan da, aka sauke shi a gidan wata tsohuwa, Inna Kyauta.

To a gidan nan akwai kaza guda ɗaya tal da ta rage. Irin kajin nan ce masu gashi a hargitse, shi ya sa ake kiranta Fingi. Ta tsufa, ta daina ƙwai tun damina biyu, amma kanta na ja. Tana tonon bakin murhu da safe sai ta ji Inna na magana ita kaɗai.

"Baƙo daga birni, in ba shi tuwo da miya lami? Ai sai garin nan ya yi da ni." Ta juyo ta dubi kazar. "Fingi, ki yi haƙuri. Da la'asar ne."

Ta kama ta, ta ɗaure mata ƙafa da tsumma a jikin turmi, ta zauna tana wasa wuƙa a dutse, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Fingi ta ji tsoro, yara, tsoro na gaske. Ta duba gabas, ta duba yamma, ta ga duk faɗin Igiya-Tara wuri ɗaya ne wuƙa ba ta zuwa, shi ne tabarmar makoki. Ta ce a ranta, ko kwana bakwai na samu ai baƙon ya koma garinsu. Inna na shiga ɗaki ɗauko daddawa, ta kama ƙullin tsumman da baki, tsat, tsat, har ya warware. Ta bi ta rariya ta fice, ta yi bakin rijiya da gudu, ta maƙale ƙarƙashin motar baƙon.

Duk garin na nan. Malam Nomau na durƙushe a cikin rami da wani ɗan buroshi da bai fi na wanke baki ba, yana share ƙasa ƙwaya-ƙwaya. Mutanen da ke haƙa gaba guda kafin azahar suna kallonsa suna cije dariya.

Barmo ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, aljani ne?"

Malam ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, dabba ce. Ana ce wa irinsu dainoso. Sun yi zamaninsu sun gama tun babu mutum ko ɗaya a doron ƙasa."

"To wa ke kiwonsu?"

"Su ke kiwon kansu. Wasu ganye suke ci, wuyansu ya kai kan dabino. Wasu nama. Wasu ba su fi zabo girma ba. Wannan dai, in ka dubi haƙoransa, kifi yake kamawa."

"Kifi? A nan?"

"A nan. Inda kuke tsayen nan kogi ne a lokacin, mai faɗi, da itatuwa ko'ina."

Barmo ya dubi igiyarsu mai ƙulli takwas, ya dubi ƙashin, ya haɗe rai. "Kogi guda. To ko shi ya shanye?"

Malam ya rantse ba shi ba ne, ƙasa ce ta sauya a hankali cikin shekaru masu yawa. Barmo ya ce to, ko ma shi ne ai mamaci ba a ƙullatarsa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ɗaga murya sau uku: "Ina dangin mamaci? Ina dangin mamaci? Ina dangin mamaci?"

Fingi ta yunƙura za ta fito, sai wani ya riga ta. Kadangare ne ya diro daga katanga, kai ja zur, yana gyaɗa shi. Ya daɗe yana jin labarin ƙwaryar nan.

"Wayyo kakana! Wayyo kakana, sai yau aka gan ka!" Ya share hawayen da babu. "Ranka ya daɗe, ku dubi jelarsa, ku dubi tawa. Malam, ba ƙwai yake yi ba?"

Malam ya ce, "Ƙwai suke yi."

"To gidanmu ma ƙwai muke yi."

Jama'a suka ce wallahi da kama, har ma ya fi kakan kyau. Amma Malam ya fito daga ramin ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Tashi ka yi tafiya mu gani."

Kadangare ya yi tafiya. Ƙafafu a baje gefe da gefe, gwiwa a waje, ciki na sharar ƙasa. Malam ya nuna wa Barmo inda cinyar mamacin ke shiga ƙugu. "Ka ga wannan? Ƙafarsa a ƙarƙashinsa take, a miƙe, kamar ƙafar kujera. Bai taɓa jan ciki ba. Kai, bawan Allah, maƙwabci ne na nesa, ba dangi na kusa ba." Kadangare ya haye katanga, ya ci gaba da gyaɗa kai kamar da ma abin da ya ce ke nan.

Barmo ya sake kira sau uku. Fingi ta sake yunƙurawa, sai ta ga jama'a na darewa, mata na kwashe 'ya'yansu. Kada ne. Wani ɗan tafki yake zaune can bayan duwatsu, tafkin ya kusa ƙafewa, yunwa ta sa ya yi tafiyar kwana biyu a kan yashi.

"Wayyo kakana! Wayyo kakana, sai yau aka gan ka!" Ya je ya jera bakinsa da na mamacin. "Ku duba da kyau. Dogon baki, dogon baki. Haƙora, haƙora. Ya ci kifi, ina cin kifi. Akwai mai magana?"

Ba mai magana. In Kada ya buɗe baki ya tambaya ko akwai mai magana, yawanci ba a samu. Malam ya ɗan ja da baya, sannan ya ce, "Tashi ka yi tafiya mu gani, Baba."

Kada ya ɗaga cikinsa da ƙyar, ya yi taku biyar a kan ƙafa huɗu, ya sake zubewa yana haki. Malam ya ce, "Mamacin nan da ƙafa biyu yake tafiya. Bakinku ya yi kama ne don abincinku ɗaya. Amma ba zan ƙi gaskiya ba, Baba, kun haɗa kaka can baya. Gidanku daban, gidansu daban, sai dai ka fi Kadangare kusa."

Barmo ya shafa gemu. "To in la'asar ta yi ba wanda ya fi shi kusa, tabarma ta Kada ce." Kada ya kwanta a gefen tabarmar, ya ɗora haɓarsa a kai don kada iska ta ɗauke.

Inuwa ta soma tsawo. Barmo ya yi kira na uku. Fingi ta ce yau ko ni ko tukunya. Ta fito daga ƙarƙashin mota, gashi a hargitse, duk baƙin mai a baya, ta tsaya tsakiyar fili ta buɗe murya.

"Wayyo kakana! Wayyo kakana, sai yau aka gan ka!"

Kai, zo ka ga dariya. Wani har sai da ya faɗa ramin aka jawo shi. Ana cikin haka sai ga Inna Kyauta ta keto taro, wuƙa a hannu, zani a ɗamare.

"Au, nan kike, 'yar nema? Ruwa na kan wuta kina nan kina yi mini kaka? Sarki, a miƙo mini ita, abincin baƙo ce."

Barmo ya ɗaga hannu. "Dakata, Kyauta. Duk wanda ya amsa kira sai an ji shi."

Malam bai yi dariya ba. Ya tsuguna yana kallon ƙafafun Fingi, ya ce, "Tashi ki yi tafiya mu gani."

Fingi ta yi tafiya, a kan jiƙaƙƙiyar lakar da aka fitar daga rami. Ƙafa biyu, a miƙe ƙarƙashin jiki, ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga kai. Inda duk ta taka sai ka ga yatsu uku sun nuna gaba. Malam ya ɗauko ƙasusuwan ƙafar mamacin ya jera su kusa da sawunta. Yatsu uku, sun nuna gaba. Dariya ta soma raguwa.

Barmo ya ce, "Amma Malam, wannan ya yi jaki ashirin. Ita ko tukunya ba ta cikawa. In gidansu ɗaya, ina manyan suka tafi aka bar mana wannan?"

Malam ya ce, "Shi wannan tun da wuri ya mutu, laka ta rufe shi a bakin kogi. Danginsa suka ci gaba da zamani mai tsawo. Sai wata rana wani dutse ya faɗo daga sama, can ƙetaren teku, faɗinsa ya kai tafiyar awa biyu a ƙafa. Toka da hayaƙi suka rufe rana, aka daɗe ba haske. Ganye ya mutu. Masu cin ganye suka bi shi. Masu cin nama suka bi su. Wanda duk cikinsa ke da girma bai kai labari ba. Amma akwai wasu ƙanana masu gashi da fuka-fuki, ɗan abu kaɗan ke ƙosar da su, ƙwayar iri, ɗan ƙwaro, abin da suka tsinta. Su suka tsira. Su ne tsuntsaye."

Fingi ta ce, "Har yau haka muke, ranka ya daɗe. Abin da muka tsinta."

Kada ya buga jela. "Sawu kawai? A kan sawu za a ba kaza tabarmata?"

Malam ya koma ramin ya fito da wani ƙashi mai reshe biyu kamar gwafa. "Wannan a ƙirjinsa yake. Kada ba shi da irinsa, Kadangare ba shi da shi. Tsuntsaye suna da shi, a nan, ƙasan wuya."

Barmo ya girgiza kai. "Mu a garin nan ba mu zaunar da kowa kan an ce. Sai mun gani da ido."

Inna Kyauta ta washe baki. "Ai wannan da sauƙi. In an jima kaɗan Malam zai gan shi a cikin miya."

Barmo ya yi tunani, ya ga ba aibu a maganar. "Madalla. A yanka a duba. In akwai shi, tabarma tata ce."

Jama'a suka ce adalci ke nan, Sarki ya gama magana. Malam ya buɗe baki zai ce wani abu, hayaniya ta danne shi. Inna ta naɗe hannun riga.

Fingi ta yi wuf ta matso gaba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni daidai tafasar ruwan Inna. In ban dawo ba, Kada ya biyo ni."

Kada ya ce ya yarda da wannan sharaɗi ƙwarai.

Ta ruga, ba daji ta yi ba, jujin bayan gidan Inna ta nufa. Akwai wani wuri gindin tumfafiya da take zuwa kowace safiya ta tsaya, ba ta taɓa tona shi ba. Yau ta tona. Ta kawar da toka, ta kawar da fasasshen kasko, ta kawar da ɓawon gyaɗa, har ta samu abin da take nema. Ta ɗauko shi a baki, ta dawo a hankali, ba gudu, ta ajiye shi kusa da babban ƙashin nan mai kamar gwafa. Ɗan mitsitsi ne, bai kai yatsa ba. Amma reshe biyu ne, lanƙwasarsu ɗaya.

Ta ce, "Na uwata ne. Ranar sunan jikan Inna aka yanka ta. Ina tsaye aka zubar."

Barmo ya ce, "Kyauta, haka ne?"

Inna ta dubi ɗan ƙashin. Ta ce, "Haka ne. Wata wake-wake ce, mai yawan ƙwai." Hannun da ke riƙe da wuƙa ya sauka da kansa.

Barmo ya ce wa Kada ya ɗage haɓarsa. Fingi ta hau tabarma ta zauna a tsakiya, aka ajiye mata ƙasusuwan biyu a gaba. Ana kiran la'asar daidai lokacin. Sai Barmo ya juya wajen baƙo.

"Saura lissafin kwanaki. Malam, shekara nawa mamacin ya yi a ƙasa?"

Fingi ta runtse ido tana roƙo a ranta, bakwai, Allah ya sa bakwai, ko biyar ma na gode.

Malam ya ce, "Sama da miliyan ɗari."

"Ɗari? Kai, ya fi raƙumi."

"Miliyan ɗari, ranka ya daɗe."

Barmo ya soma lanƙwasa yatsu. Ya gama na hannu, ya cire takalmi, ya gama na ƙafa, ya ari na wanda ke kusa da shi. Can ya haƙura. Wani daga baya ya ce, "Sarki, a rage mana, hatsin garin nan zai ƙare."

Barmo ya daka masa tsawa. "Mun rage wa raƙumi? Mun rage wa jakin Buzaye? Sai yau da marainiya ta zauna za mu soma ragi? Kwana ɗaya duk shekara, haka muka gada. Rijiya a matsa gaba a haƙa wata. Kowa ya je ya kawo ƙwarya."

Kada ya juya ya kama hanyar tafkinsa yana faɗin maganganun da ba zan maimaita muku ba. Malam Nomau ya ce shi da ma tuwo da miyar kuka ya fi so, ko gaskiya ce ko kunya, oho.

Aka yi layi. Gida-gida ana durƙusawa gaban kaza ana cewa ya haƙuri. Fingi ta kumbura gashi, ta ninka girmanta biyu, tana amsawa da ƙyar kamar wata babbar 'yar gado. Ta ma tanadi maganar da za ta yaɓa wa uwar ɗakinta in ta zo, ta gyara ta a ranta sau uku.

Inna Kyauta ce ta zo ƙarshe, bayan kowa ya watse. Ba wuƙa a hannunta, sai ƙwaryar tsakin dawa. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta ajiye ƙwaryar.

"Fingi, ya haƙuri?"

Fingi ta ce, "Haƙurin wanne, Inna? Babban ko ƙaramin?"

Inna ta dubi ƙasusuwan nan biyu. Sannan ta ce, "Ƙaramin. Babban ban san shi ba."

Fingi ta fasa faɗin maganar da ta tanada. Ɗazu kukan ƙarya ta yi, sai yanzu na gaske ya zo mata, don shekara uku ke nan ba wanda ya taɓa yi mata gaisuwar uwarta. Gashin da ta kumbura ya kwanta. Ta ce, "Da godiya, Inna." Ta matsa gefe, tsohuwar ta zauna a bakin tabarma.

To kun ji, yara. In an ce ku nemo dangin wani, kada girman jiki ko kamar fuska su ruɗe ku, ku sa shi ya tashi ya yi tafiya. Kuma ɗan abin da kuka jefar a juji ba ku waiwaya ba, wataƙila akwai wanda ya san na wane ne.

Ƙurunƙus kan Kadangare mai gyaɗa kai a katanga! Ba don Fingi na kan tabarma har yanzu ba, da yau da nama kuka ci tuwonku. Ku tashi, kowa ya kakkaɓe zaninsa.